Kurmin Gambut: Ƙasar da Ke Cin Wuta Idan an Janye Mata Ruwa

Duk shekarar da fari ya tsananta a kudu maso gabashin Asiya, labari ɗaya ne ke dawowa: hayaƙi ya turnuƙe garuruwan Indonesiya, ya haye teku zuwa Malesiya da Singafo, an rufe makarantu, jiragen sama sun kasa sauka. Kafafen labarai kan taƙaita abin da cewa gobarar daji ce. Mai sauraro a Kano ko Maraɗi sai ya ɗauka irin wadda ya sani ce, wutar da ke lashe busasshiyar ciyawa bayan kaka, ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, damina ta zo daji ya farfaɗo. Wasu kuma sun ji ana cewa manja ne ke hallaka dazuzzuka, har suna tambaya ko ba ƙyashi ne Turawa ke yi wa amfanin gonar ƙasashe masu tasowa ba. Kowace fahimta ta taɓo wani gefe, amma ta bar ainihin maganar. A wurare da yawa ƙasar ce da kanta take ci, kuma lalacewarta tana farawa tun ranar da aka haƙa mata magudanar ruwa ta farko, shekaru kafin wani ya ƙyasta ashana.

Mene ne gambut?

Mutanen Indonesiya da Malesiya suna kiran irin wannan ƙasa gambut, Turawa kuma suna ce mata fit. Ba laka ba ce, ba yashi ba. Tarin ganye ne da saiwoyi da rassa da kututture waɗanda suka faɗi cikin ruwa mai kwanciya, suka kasa ruɓewa har ƙarshe. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da itace suna buƙatar iska, ruwa kuwa ya toshe musu hanya. Don haka abin da ya faɗi bana sai ya hau kan na bara, tarin yana ƙaruwa da kimanin milimita 1 zuwa 2 a shekara. A tsibiran Sumatra da Borneo akwai wuraren da kaurinsa ya wuce mita 10, wasu ma har kusan mita 20, wato aikin dubban shekaru.

Kurmin gambut shi ne dajin da ke tsaye a kan wannan tari. Ya kamata a bambanta shi da fadamar da muka sani a ƙasar Hausa, wadda laka ce da ruwa ke kwanta mata da damina ya janye da rani. Gambut mai lafiya ba ya bushewa, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Yawanci yana taruwa ne tsakanin koguna biyu ya yi tozo, tsakiyarsa ta fi gefensa tudu, don haka ruwan kogi ba ya hawa can, ruwan sama kaɗai yake sha. Ruwan da ke tsattsafowa daga cikinsa baƙi ne wuluk saboda rinin ganye, ga tsami, ga ƙarancin abincin shuka. Itatuwan wurin sun saba da haka: wasu suna da saiwoyi masu ɗagowa sama da ruwa don shaƙar iska, wasu suna tsaye kan saiwoyi dogaye. A nan ake samun ramin da meranti masu tsadar katako, da jelutung mai ƙaro. A nan ne kuma dubban birai na orangutan ke zaune, musamman a gandun Sebangau da ke Kalimantan ta Tsakiya, kuma a baƙin ruwan Sumatra aka gano wani kifi da tsawon babbansa bai kai santimita 1 ba.

Kalma ta biyu da ake buƙata ita ce kabon, sinadarin da jikin kowace shuka ya ginu a kansa. Itace yana zuƙo shi daga iska yana raye. Idan ya ruɓe ko ya ƙone, sai kabon ɗin ya koma sama a matsayin iskar kabon dayoksaid, wadda yawaitarta ke ɗumama duniya. Gambut rumbu ne na kabon da ruwa ya kulle. Ƙasar gambut ta duniya baki ɗaya, har da ta ƙasashen sanyi irin su Rasha da Kanada, ba ta wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke cikinta ya fi wanda ke jikin itatuwan dukkan dazuzzukan duniya.

A yankin zafi wurare uku ne suka fi shi. Na farko kudu maso gabashin Asiya, inda Indonesiya ke da kaso mafi tsoka: gwamnatinta ta ƙiyasta hekta miliyan 13 zuwa 15, wasu masana kuma suna kai shi miliyan 20, gwargwadon kaurin da kowa ya ɗauka a matsayin ma'auni. Na biyu tsakiyar kwarin kogin Kongo. Na uku yankin Amazon, musamman kwarin Pastaza da Maranyon a Peru. A Asiya ne ɓarnar ta yi nisa, don haka can wannan sharhi zai fi tsayawa.

Yadda aka kai ga haka

Mutane sun daɗe suna rayuwa a gefen waɗannan kurmi. Al'ummar Dayak suna kamun kifi, suna tsagar ƙaro, suna yankan igiyar ratan. Banjar da Bugis sun iya noman shinkafa da kwakwa a bakin koguna, inda gambut ɗin ba shi da kauri, suna haƙa 'yan ƙananan magudanai masu bin hawa da saukar ruwan teku. Tsakiyar tozon kuwa ba wanda ya damu da ita, domin ba ta nomuwa.

Canji ya fara da sare katako daga shekarun 1970. Masu sara ba bisa doka ba sun riƙa haƙa ƙananan hanyoyin ruwa don janyo gungume zuwa kogi, kuma bayan katako ya ƙare hanyoyin suka ci gaba da tsiyaye dajin.

Babban abin da ya buɗe idon duniya shi ne shirin shinkafa na Shugaba Suharto. Indonesiya ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a 1984, amma daga baya masana'antu da gidaje suka cinye gonaki masu kyau a tsibirin Java. A ƙarshen 1995 Suharto ya ba da umarnin mayar da hekta miliyan 1 na gambut a Kalimantan ta Tsakiya gonakin shinkafa. Cikin shekara biyu aka haƙa magudanai masu tsawon fiye da kilomita 4,000, wasu suka tsaga tsakiyar tozo mai zurfi, aka kwaso dubban iyalai daga wasu tsibirai aka zaunar da su. Shinkafar ba ta yi ba. Ƙasar ta yi tsami, kuma a wasu wurare akwai wani ma'adini mai suna firit a ƙarƙashin gambut wanda, da zarar iska ta taɓa shi, yake mayar da ruwa guba ga shuka da kifi. Magudanan da aka ce za su kai ruwa gona sai suka kwashe shi zuwa teku. A 1999 Shugaba Habibie ya soke shirin, amma magudanan suna nan, kuma yankin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙonewa a ƙasar har yau.

Daga nan sai kwakwar manja da itacen takarda suka karɓi fili. Kwakwar manja asalinta daga yammacin Afirka ne. A Najeriya akan ce Malesiya ta zo ta ɗauki irinmu a shekarun 1960 ta wuce mu. Gaskiyar ita ce an kai tsirrai huɗu lambun Bogor da ke Java tun 1848, an fara manyan gonaki a Sumatra a 1911, a Malesiya kuma a 1917, ko da yake masu binciken Malesiya sun zo Najeriya a shekarun 1970 sun tattara iri don inganta nasu. Yau Indonesiya da Malesiya ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, kuma Najeriya, wadda ta taɓa kasancewa kan gaba, tana cikin masu saye. Itacen takarda kuwa wani nau'in akasiya ne, dangin bagaruwa, da ake sarewa bayan shekara biyar ko makamancin haka a kai manyan masana'antun takarda na lardin Riau da Sumatra ta Kudu.

Me ya sa kamfanoni suka nufi ƙasar da ba ta da daɗin noma? Domin busasshiyar ƙasa mai kyau tana da masu ita, kuma rigimar fili tana da tsada. Gambut shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi, mutane kaɗan ne a cikinsa, a takardun hukuma kuma dajin gwamnati ne. Katakon da aka fara sarewa ma yakan biya kuɗin buɗe gonar. Bayan faɗuwar Suharto a 1998, ikon ba da izinin fili ya sauka hannun shugabannin gundumomi, aka yi ta rabon takardu. Sakamakon ya fito ƙarara a hotunan tauraron ɗan Adam: wani bincike da Jukka Miettinen da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa a Sumatra da Borneo da zirin Malesiya, daji ya rufe kashi 76 cikin 100 na ƙasar gambut a 1990, amma zuwa 2015 saura kashi 29. Kusan rabin ƙasar ya zama gona, kashi 27 na kamfanoni, kashi 22 na ƙananan manoma.

Abin da magudana ke yi

Nan ne gundarin maganar. Kwakwar manja da akasiya ba sa rayuwa da saiwarsu cikin ruwa. Dole a saukar da ruwan ƙasa da santimita 50 zuwa 80, wani lokaci fiye. Da zarar an yi haka, iska ta shiga saman gambut ɗin, ƙwayoyin halittar da ruwa ya hana aiki dubban shekaru sai su kama ci. Ƙasar tana narkewa ta zama iska, ba hayaƙi, ba harshen wuta, ba wanda ke gani. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2013 cewa kowace hekta ta kwakwar manja a kan gambut tana sakin kimanin tan 40 na kabon dayoksaid a shekara, ta akasiya kuma fiye da tan 70. Wannan lissafin shekarar da ba a yi gobara ba ke nan.

Abin da ya tafi sama ya bar gurbi a ƙasa, don haka fili yana nutsewa. Aljosja Hooijer da abokansa sun auna gonaki a Sumatra, suka samu ƙasa ta sauka da kusan mita 1.4 a shekara biyar na farko, daga nan ta ci gaba da sauka da kimanin santimita 5 duk shekara. A kwatanta wannan da milimita 1 ko 2 da take ƙaruwa tana cikin ruwa: abin da ya taru cikin shekara ashirin da biyar zuwa hamsin yana tafiya a shekara guda. Wanda ya shiga tsohuwar gonar manja a kan gambut zai ga alamar da idonsa. Saiwoyin da ya kamata su kasance a binne suna tsaye a waje sun yi cirko-cirko, itatuwa sun karkata ko'ina, wasu sun kwanta ƙasa sun sake ɗaga kai. Ginshiƙan gidaje da na gadoji, waɗanda aka kafa har ƙasa mai tauri, sukan bayyana a fili, har a ƙara wa ƙofa matakala.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A gabashin Ingila, a wani wuri da ake kira Holme, an kafa ginshiƙin ƙarfe cikin gambut a tsakiyar ƙarni na 19 lokacin da aka fara tsiyaye yankin, kansa daidai da ƙasa. Yau ginshiƙin yana tsaye kusan mita 4 a sarari. Ingila da Holan suna riƙe irin waɗannan filaye ne da injinan zuƙar ruwa da ganuwa masu tsada. A Sumatra da Sarawak, inda ruwan sama ya ninka nasu sau uku ko huɗu, kuma gindin gambut a wurare da yawa yana daidai da teku ko ƙasa da shi, wannan dabara ba ta da sauƙi. Manomi zai yi ta zurfafa magudana yana bin ƙasa tana sauka, har ranar da bakin magudanar ya yi daidai da kogi, ruwa ya daina fita. Wani nazari a kan mashigar kogin Rajang a Sarawak ya yi hasashen cewa mafi yawan yankin zai koma hannun ambaliya cikin shekara 100 idan aka ci gaba a haka.

Akwai kuma abin da ke wahalar da doka: tozon gambut jiki ɗaya ne. Magudanar da aka haƙa a gona tana jan ruwa daga dajin da ke maƙwabtaka da ita, ko da an rubuta a takarda cewa an keɓe shi. Iyakar da ke kan taswira ba ta tsayar da ruwa.

Wuta da hayaƙi

Busasshen gambut makamashi ne. Wutarsa ba ta tashi sama sosai, tana ci ne a ƙarƙashi kamar tulin ɓuntun shinkafa da wuta ta kama, sama toka, ciki garwashi. Takan yi makonni ko watanni tana tafiya, ta ɓullo a wani wuri nesa da inda ta fara, ta cinye saiwoyi itatuwa su zube. Masu kashe gobara kan zuba ruwa su ga kamar ta mutu, kwana biyu hayaƙi ya sake tashi. Sau da yawa saukar damina ce kawai ke gamawa da ita. Kuma da yake cin nata ba ya samun isasshiyar iska, hayaƙinta ya fi na wutar sarari kauri da ƙananan ɓurɓushi masu shiga huhu.

Manyan gobara sukan zo ne a shekarun El Nino, wato lokacin da ɗumamar ruwan gabashin tekun Fasifik ke janye ruwan sama daga Indonesiya. A 1997, daidai lokacin da magudanan shirin shinkafa suke tsiyaye Kalimantan ta Tsakiya, aka yi babbar gobara. Daga baya Susan Page ta jami'ar Leicester da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa gobarar Indonesiya ta saki tan biliyan 0.81 zuwa 2.57 na kabon, daidai da kashi 13 zuwa 40 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona fetur da gas da kwal. A 2015 hekta miliyan 2.6 suka ƙone. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai gambut, amma shi ya ba da mafi yawan hayaƙin. A birnin Palangka Raya sararin sama ya koma ruwan ɗorawa da tsakar rana. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da dala biliyan 16.1. Hukumomi sun lissafa mutuwar mutane ƙalilan da kusan rabin miliyan masu ciwon numfashi, amma masu bincike daga jami'o'in Harvard da Kolombiya sun ƙiyasta cewa hayaƙin ya gaggauta mutuwar mutum kusan 100,300 a Indonesiya da Malesiya da Singafo. Gwamnatocin yankin sun ƙi amincewa da adadin. Bambancin ya zo ne daga hanyar ƙirga: hukuma tana ƙirga wanda aka rubuta a asibiti cewa hayaƙi ne ya kashe shi, masu binciken kuma suna lissafin ƙarin mace-macen zuciya da huhu da irin wannan gurɓatar iska ke jawowa a cikin jama'a. A 2019 wuta ta sake cin hekta miliyan 1.6.

Saɓanin ra'ayi

Tambayar da aka fi jayayya a kanta ita ce wa ke cinna wutar. Kamfanoni suna nuna ƙananan manoma, ƙungiyoyin kare muhalli suna nuna kamfanoni. Duka suna da hujja. Ƙona fili ita ce hanya mafi arha ta share shi, toka kuma tana rage tsamin ƙasa, don haka talaka yana yi, mai matsakaicin jari da ke sayen fili ya shuka manja yana yi, kuma kotu ta kama kamfanoni da laifin. A 2014 wata kotu a Meulaboh ta ci kamfanin Kallista Alam tarar rufiya biliyan 366 saboda ƙona kurmin Tripa a lardin Aceh, ko da yake an shafe shekaru ana jan ƙafa kafin a ga kuɗi. Sai dai neman mai ashana kaɗai yana ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa ya busar da ƙasar. Manoman Dayak sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙona gonakinsu, kurmin bai kama ba, domin a jiƙe yake.

Jayayya ta biyu ta masana ce. Wasu masu bincike a Malesiya, fitacciya a cikinsu Lulie Melling ta cibiyar binciken gambut ta Sarawak, suna ganin za a iya noman manja a kan gambut ba tare da babbar ɓarna ba, idan aka danne ƙasar da manyan injina aka kuma kula da tsayin ruwa. Bayan wani taron ƙasa da ƙasa kan gambut a Kuching a 2016, inda jaridu suka yaɗa wannan ra'ayi, masana 139 suka sa hannu a wata takarda suna cewa shaidar da ake da ita ba ta goyi bayansa ba. Abin da awo ya nuna shi ne kula da ruwa yana rage saurin asarar, kuma ya fi sakaci nesa ba kusa ba, amma ba ya tsayar da ita. Muddin akwai gambut a saman ruwa, yana ruɓewa.

Ta uku ita ce ta adalci, kuma ba a raina ta. Jami'an Indonesiya da Malesiya suna cewa Turai ta sare dazuzzukanta ta tsiyaye fadamunta ta yi arziki, yanzu take hana wasu. Manja ya fitar da miliyoyin mutane daga talauci, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na gonakinsa a Indonesiya na ƙananan manoma ne. Hekta ɗaya ta kwakwa tana ba da man da ya ninka na waken suya sau da yawa, don haka maye gurbinsa da wani mai zai ci fili fiye da haka. Da Tarayyar Turai ta yanke shawarar daina lissafa manja cikin man mota mai tsafta kafin 2030, ƙasashen biyu sun kai ta ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya. Wannan ƙorafi yana da tushe. Amma ya kamata a raba abu biyu: mafi yawan manjan da ake nomawa a ƙasa mai tauri yake, ba a kan gambut ba. Kare gambut mai zurfi ba yaƙi da manja ba ne. Kuma waɗanda suka fara shaƙar hayaƙin, waɗanda gonakinsu za su fara nutsewa, 'yan Riau ne da Jambi da Kalimantan.

Ƙoƙarin gyara

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Tun 1990 Indonesiya ta hana taɓa gambut da ya wuce mita 3, ba a dai bi ba. A 2011, bayan yarjejeniyar dala biliyan 1 da Norwe, Shugaba Yudhoyono ya dakatar da ba da sabon izini a kan gambut da dajin da ba a taɓa sara ba, Shugaba Joko Widodo kuma ya mayar da dakatarwar ta dindindin a 2019. Rauninta shi ne ba ta shafi izinin da aka riga aka bayar ba. Wata doka ta 2016 ta wajabta kada ruwa ya sauka ƙasa da santimita 40 a gonakin gambut. Ƙungiyar RSPO, mai ba da shaidar manjan da aka noma bisa ƙa'ida, ta haramta wa mambobinta sabuwar shuka a kan gambut a 2018. Majalisar Malamai ta Indonesiya ma ta fitar da fatawa a 2016 cewa ƙona daji da fili ta hanyar da ke jawo ɓarna da cutar da jama'a haramun ne, kuma limaman ƙauyuka sun kai saƙon inda jami'in gwamnati ba ya zuwa.

Aiki mafi girma shi ne na hukumar BRG da aka kafa a Janairun 2016 don farfaɗo da kimanin hekta miliyan 2 a larduna bakwai. Kafin wa'adinta ya ƙare a ƙarshen 2024, dabarar da ta bi uku ce: mayar da ruwa, mayar da itatuwa, samar wa mutane abin yi. Mayar da ruwa yana nufin datse magudanai da katako da buhunan ƙasa, daki-daki, domin ruwa ya taru ya koma cikin gambut. A nan ake karo da rayuwa ta zahiri. Magudanar da masani ke son toshewa ita ce hanyar da mutumin ƙauye ke bi da kwalekwale zuwa gonarsa, kuma idan ruwa ya hau, kwakwarsa ce za ta ruɓe. Madatsar da aka yi ba da yardarsa ba, ba ta daɗewa. Shi ya sa ake ƙarfafa noman abin da ke son ruwa: sago, wata kwakwa da ake samun gari daga cikin kututturenta, da jelutung, da ciyawar purun ta saƙar tabarma, da kiwon kifi. Ƙauyen Sungai Tohor a Riau ya yi suna da sago da toshe magudanai, har Joko Widodo ya je can a 2014. Matsalar ita ce har yanzu kuɗin da waɗannan ke kawowa bai kamo na manja ba, kasuwarsu kuma ƙarama ce.

Akwai alamar ci gaba: a 2023, wata shekarar El Nino, filin da ya ƙone bai kai rabin na 2015 ba, ko da yake farin ma bai kai na wancan lokaci tsanani ba. Akwai kuma alamar mantuwa. A 2020 gwamnati ta sake buɗe shirin manyan gonakin abinci a Kalimantan ta Tsakiya, wani ɓangarensa a kan tsohon filin shirin shinkafar Suharto. Ko a inda gyara ya yi nasara, abin da ake samu shi ne tsayar da asara. Mita guda da ta tafi sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ta dawo.

Kongo

A 2017 Greta Dargie da Simon Lewis na jami'ar Leeds, tare da abokan aikinsu na Kongo, suka bayyana cewa a tsakiyar kwarin Kongo akwai gambut mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kimanin tan biliyan 30 na kabon, daidai da abin da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal cikin kusan shekara uku. Wani awo na 2022 ya kai faɗin zuwa 167,600. Mazauna yankin sun san dajinsu tun fil azal, suna kamun kifi da farauta a ciki. Abin da ba a sani ba shi ne girman abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Nisa da rashin hanya sun kare shi, mafi yawansa yana nan da ruwansa, da gorila da giwayen kurmi.

A Maris 2018 Jamhuriyar Kongo da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Indonesiya suka sa hannu a sanarwar Brazzaville ta kare shi. Amma a Yulin 2022 gwamnatin Kinshasa ta sa filayen mai 27 da na gas 3 a kasuwa, wasunsu sun shiga cikin gambut, tana mai cewa talaucin jama'arta ne a gabanta, kuma tallafin da masu arziki ke alkawari bai taka kara ya karya ba. An soke gwanjon filayen man a Oktoban 2024, ba don an rufe maganar mai a yankin ba. Ga kuma izinin sare katako da ke kan wani ɓangare na dajin. Gambut ɗin Kongo bai kai na Asiya kauri ba, matsakaicinsa kusan mita 2 ne, kuma ruwan saman da yake samu bai kai nasu ba. Binciken da aka yi a ƙasan tarin ya nuna cewa tsakanin shekara 5,000 zuwa 2,000 da suka wuce, lokacin da yankin ya yi fari mai tsawo, gambut ɗin ya daina taruwa ya koma ruɓewa. Ke nan ko ba a haƙa magudana ba, ɗumamar yanayi kaɗai na iya taɓa shi, hanyar mota ko bututun mai da zai tare tafiyar ruwa kuma zai ƙara masa nauyi. A taron Glasgow na 2021 ƙasashe masu ba da tallafi sun yi alkawarin dala biliyan 1.5 ga dazuzzukan kwarin Kongo na tsawon shekara biyar. Gwamnatocin yankin suna auna wannan adadi ne da abin da suke tsammanin samu daga mai da katako, kuma ƙauyukan da ke cikin kurmin, waɗanda yawancinsu ba su da takardar mallakar ƙasarsu, su ne ba a cika tambaya ba.